Wata 11 da karyar Kaka: yadda 'yan sa-kai biyar suka hana wani iyali rabuwa da dabbarsu

Gidan da abin ya faro

Matar da wannan nazari ya bi diddiginta ta haura shekara 60. A littafin ƙungiyarmu, mai taimaka wa iyalai kada su rabu da dabbobinsu, lamba ce ke tsaye a madadin sunanta, a nan kuma zan kira ta Kaka, yadda jikokinta ke kiranta. Jikoki biyu take riƙo tun bayan rasuwar 'yarta, namiji ɗan shekara 12 da ƙanwarsa 'yar shekara 7. Suna haya a gida mai ɗaki biyu, da ɗan fili a baya da aka kewaye da shingen katako. Sana'arta sharar ofisoshi da daddare, dare 5 a mako, rayuwa dai hannu baka hannu ƙwarya.

Karyar da ake magana a kanta ta marigayiyar ce, ita ta tsince ta tun tana kwikwiya. Sa'ad da muka san ta shekararta 8, katin asibitinta na ƙarshe kuma ya nuna nauyinta kilo 21. Ba a taɓa yi mata tiyatar cire mahaifa ba. Duk daren da Kaka ke wurin aiki, ƙaramar yarinyar ba ta runtsawa sai ta ji karyar ta kwanta a bakin ƙofar ɗaki.

Matsalar ta faro ne ranar da aka rage wa Kaka aiki daga dare 5 zuwa 3. Kuɗin haya bai ragu ba, na wuta ma haka. Abin da ya fara faɗuwa daga lissafi shi ne maganin ƙuma da ake ɗiga wa karyar a ƙeya wata-wata. Daga shi sai buhun abincinta, Kaka ta koma raba nata kwanon biyu. Cikin wata 4 ƙuma ta mamaye gidan. Karyar ta soshe bayanta da gindin wutsiyarta har gashi ya zube, fatar ta yi jawur tana tsatsafo da ruwa. Ƙaiƙayi ya hana ta zama wuri ɗaya, ta tone ƙarƙashin shinge ta fice sau 2, maƙwabci ya kai ƙara. Sai ga takarda daga mai gida: kwana 30, ko karyar ta bar gidan, ko su tattara su bar shi gaba ɗaya.

Mutanen da ke bayan ƙungiyar

Mu 5 ne ke ɗawainiyar yau da kullum, kuma babu mai cikakken albashi a cikinmu. Wadda ta kafa ƙungiyar ta yi shekara 9 a teburin karɓa na wani gidan ajiye dabbobin da suka rasa mai riƙo. Ita ke miƙa wa mutane fom su sa hannu cewa sun sallama. A fom ɗin akwai layi ɗaya na dalili, kuma abin da ta yi ta gani ana rubutawa bai wuce haya ba, ko kuɗin magani, ko rasa aiki, ko ƙaura. Ta sha ganin magidanci ya sa hannu, ya fita, ya zauna cikin mota ya kifa kai a kan sitiyari. Ta kuma san abin da ke biyo baya. Idan kejuna suka cika, tsohuwar dabba mai ciwon fata ba ta samun mai ɗauka, kuma tana cikin na farko da ake yi wa allurar kashewa.

Da bakinta take faɗa cewa ba ita ta ƙirƙiro wannan aiki ba. Tun 1917 Maria Dickin ta buɗe wurin duba dabbobin talakawa kyauta a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Whitechapel ta Landan, wanda ya girma ya zama ƙungiyar PDSA. A 2013 kuma Lori Weise da ƙungiyarta Downtown Dog Rescue suka kafa tebur a gidan ajiye dabbobi na kudancin Los Angeles, suna tarbar mai shirin sallamawa su tambaye shi abin da zai sa ya koma gida da dabbarsa. Wannan teburin shugabarmu ta kwaikwaya.

Akwai likitar dabbobi da ke ba mu yini ɗaya a mako a asibitinta. Akwai wani dattijo, direban bas da ya yi ritaya, mai tsohuwar motar ɗaukar kaya da akwatin kayan kafinta da ba ya rabo da shi. Akwai wata budurwa 'yar unguwar su Kaka, wadda da farko neman taimako ya kawo ta wurinmu saboda kyanwarta, daga baya ta tsaya. Na biyar ni ne, mai riƙe da littafi da waya.

Rana ta 1: teburin bakin ƙofa

Kaka ta iso gidan ajiye dabbobi da hantsi domin ta sallama karyar, saura kwana 19 wa'adin mai gida ya cika. Da ƙafa ta zo, don bas ba ya ɗaukar kare. Igiyar shanya ta ɗaura wa karyar a wuya. Ta zaɓi ranar makaranta don kada yaran su gani, amma namijin ya ƙi tafiya ya biyo ta, riƙe da leda mai ɗauke da kwanon karyar da wani tsohon bargo da ya ƙoɗe.

Shugabarmu ta miƙe ta jawo mata kujera. “Mama, zauna ki huta tukuna. Kafin ki shiga ciki, gaya mini, me zai sa ki koma gida da ita yau?”

Kaka ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, “'Yata, wallahi ina sonta. Abin ne ya fi ƙarfina.”

Muka ɗora karyar a kan sikeli, kilo 17. Muka ba su buhun abinci mai kilo 15, maganin ƙuma na wata ɗaya, igiya ta gaske, da takardar ganin likita kyauta mai wa'adin kwana 60. Shugabarmu ta kira mai gida nan take, da ƙyar ya yarda ya ƙara wata 3 a kan wa'adinsa. Dattijo ya mayar da su gida a mota. A littafi na rubuta cewa an hana sallamawa, na ja layi a ƙarƙashi.

Mako na 2 zuwa na 8: abin da muka ɗauka ya wadatar

Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da ya kai inda muka zata. Buhun ya ƙare a mako na 7. Ƙa'idarmu a lokacin ita ce mutum ya zo ɗakin ajiyarmu da rana ya karɓi wani. Ɗakin yana da nisan kilomita 6 daga gidanta, ana sauya bas a hanya, sa'o'in da muke buɗewa kuma su ne kaɗai lokacin barcinta. Ko ta zo ma, mace mai shekara 60 da ɗoriya ba za ta hau bas biyu da kilo 15 a kafaɗa ba.

Takardar asibiti ta lalace a hannunta. Asibitin yana da nisan kilomita 14, ta intanet ake kama layi, wayarta kuma ta kira ce kawai.

Maganin ƙuma shi ya fi yi mana illa, domin ya yi aiki sannan ya daina. Ƙumar da ake gani a jikin dabba ita ce mafi ƙanƙantar kaso. Macen ƙuma tana iya zuba ƙwai har 50 a yini, ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake cikin shimfiɗa da darduma da tsagar daɓe. Can yake ƙyanƙyashewa ya zama tsutsa, ya naɗe kansa cikin kwanso, kuma a cikin kwanson yana iya jiran watanni. Ɗigo ɗaya ya kashe waɗanda ke jikin karyar, da ƙarfinsa ya ƙare sai sababbi suka hau ta daga ƙasa. Wannan ne ya sa likitoci ke cewa a jera aƙalla wata 3 ana bayarwa, a kuma tsabtace gidan. Ba mu gaya mata haka ba. A mako na 5 susa ta dawo, Kaka ta yanke cewa maganin banza ne, ta koma yi wa karyar wanka da sabulun wanke-wanke, wanda ya busar da fatar ya ƙara tsattsage ta.

A shafinta na littafi, sau 3 na rubuta “ba ta zo ba”.

Mako na 9: kiran waya

Ni na kira ta, kuma ga abin da na ce: “Mama, mun ba ki takarda kyauta kin bar ta ta mutu. Kuma wannan karyar tun tuni ya kamata a cire mata mahaifa, barinta haka ganganci ne.” Ta fuskar likitanci babu kuskure a maganar. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To ɗana, na gode,” ta kashe waya. Daga ranar har tsawon mako 6 ba ta sake ɗaga kiranmu ba.

Mako na 15 zuwa na 24: ƙwanƙwasa ƙofa

Saura mako ɗaya ƙarin wa'adin ya cika, budurwar nan 'yar unguwa ta ce a ajiye waya, ita za ta je gidan. Shugabarmu ta goyi bayanta, ta tuna mana cewa shirin Pets for Life da ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta faro a 2011 a kan bin gida-gida aka gina shi, ana komawa ana sake komawa har mutane su saba da fuska.

Ta tafi ba fom, ba takarda, sai ƙaramar jakar abinci mai kilo 5 a hannu. Kaka ta buɗe ƙofa kaɗan ta tsaya a bakinta, kunyar ƙumar da ke cikin ɗaki ta hana ta cewa bismillah. Budurwar ta ce, “Mama, nima gidanmu an yi wannan, har ƙafafuna sun yi tabo,” ta ɗage siket kaɗan ta nuna mata idon sawu. Sai aka ba ta hanya.

Awa 2 ta yi a zaune, mafi yawa tana saurare. Da magana ta biyo ta kan tiyata, Kaka ta tashi ta ɗauko hoton 'yarta daga kan kabad ta ɗora a cinya. Ashe marigayiyar tiyata aka shiga da ita, aka ba ta maganin sa barci, ba ta farka ba. “Ita ma haka aka ce mini, ƙaramin aiki ne, da yamma za ta dawo gida.” Karyar nan ita ce abu mai rai na ƙarshe da uwar ta bar wa yaran. Wata 3 da rabi muna hulɗa da matar nan, babu wanda ya taɓa tambayarta me ya sa ba a yi aikin ba tun da can.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Dattijo ya zo da akwatinsa, ya sauya katako 4, ya haƙa rami a gindin shingen ya binne ragar ƙarfe mai zurfin santimita 30, jikan Kaka yana miƙo masa ƙusa. Aka wanke shimfiɗu da ruwan zafi, aka share kowane lungu. Budurwar ta ɗauki nauyin zuwa da kanta ta ɗiga maganin ƙuma rana ɗaya a kowane wata. Abinci ya koma kilo 5 duk bayan mako 2, har ƙofar gida. Dattijo ya kai su asibiti, likita ta tabbatar cewa jikin karyar ba ya jure yawun ƙuma, irin wanda cizo kaɗan ke tayar wa da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma ƙwayoyin cuta sun shiga wuraren da ta soshe. Ta ba da maganin mako 3, ta yi mata allurar rigakafin haukan kare, ta dasa mata 'yar ƙwayar shaida ta lantarki mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar kafaɗa.

Shugabarmu ta je wurin mai gida ƙafa da ƙafa, da hotunan shingen da katin rigakafi. Da suka zauna sai ya bayyana cewa shi ba kare yake ƙi ba. Tsoronsa biyu ne: kada ƙuma ta tsallaka ɗaya sashen 'yan haya su gudu, kada kuma maƙwabci ya maka shi a kotu. Ƙungiya ta rubuta masa cewa ta ɗauki nauyin feshi da gyaran duk ɓarnar da karyar ta yi. Ya sa hannu a kan shekara ɗaya.

Maganar tiyata likita ce ta ɗauke ta a hankali. Ta shigar da Kaka ɗakin aikin ranar da babu kowa, ta nuna mata na'urar da ke lura da bugun zuciya da numfashi, ta bayyana gwajin jinin da ake yi kafin a sa tsohuwar dabba barci. Ba ta ce mata babu haɗari ba. Ta ce akwai, amma na bari ya fi. A mako na 22 Kaka ta amince. Layin yinin likita ya cika har na mako 3, kafin ya iso gare ta kuma, a mako na 24, karyar ta shiga lokacin barbara. A wannan lokaci jijiyoyin jinin mahaifa suna kumbura, zubar jini a tiyata ya fi yawa, don haka akan jira wata 2 zuwa 3. Aka ɗage. Kafin su bar asibitin likita ta rubuta alamu 4 a kan kati da manyan baƙaƙe, da lambar wayata a ƙasa, aka manna a bangon ɗakin girki.

Mako na 31: daren tiyata

Ƙarfe 11 na dare wayata ta yi ƙara. Jikan ne, Kaka tana wurin aiki. Muryarsa na rawa ya ce yau kwana 2 karyar sai shan ruwa take kamar ba za ta ƙoshi ba, ta ƙi abinci, yanzu ta yi amai, cikinta ya yi tsiri. Yana tsaye gaban katin yake karanto mini.

Cutar da likita ta ji wa tsoro ce, taruwar mugunya a mahaifa. Bayan lokacin barbara sinadarin jikin karya yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, garkuwar wurin ta yi rauni, ƙwayoyin cutar da suka hau sa'ad da bakin mahaifa ke buɗe su sami wurin yaɗuwa. Takan bayyana cikin makonnin da ke biye, ta fi kama tsofaffin karnukan da ba a yi wa aiki ba. Idan bakin mahaifar a buɗe yake, mugunyar na fita a gani. Idan ya rufe, babu abin da ke nunawa a waje, mahaifar na cika har ta iya fashewa, dafin kuma ya shiga jini ya taɓa ƙoda.

Dattijo ya ɗauko karyar da yaran, ya biya ta wurin aiki ya ɗauki Kaka da rigar aikinta a jiki. Hoton ciki ya nuna rufaffiyar ce. Aka sa mata ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙarfe 2 aka shiga da ita. Kaka ta sa hannu a takardar amincewa, alƙalamin ya faɗi daga hannunta, ta sunkuya ta ɗauka ta ƙarasa. Ta zauna a baranda rungume da tsohon bargon nan, ba ta ce wa kowa komai ba. Mahaifar da aka ciro ta fi kilo 1. Da karyar ta fara motsa kunne, likita ta fito da kanta ta kamo hannun Kaka ta shigar da ita ciki, ta ce, “Mama, zo ki ga ta farka.”

Dare 2 ta yi a asibiti. Aka sa mata mazurarin roba a wuya don kada ta lashi ɗinki, aka warware shi a kwana na 12. Ko da yake likita ba ta karɓi ladan hannunta ba, kuɗin daren ya ninka na tiyatar da aka tsara sau 6, ya cinye kashi 2 cikin 3 na asusun gaggawa na wannan zangon.

Wata na 11: inda aka tsaya

Nauyin karyar ya koma kilo 20, gashi ya rufe bayanta, ba ta sake fita ta shinge ba. An mayar wa Kaka dare ɗaya na aiki, ita ke sayen rabin abincin yanzu, kuma ita ta nemi a yi haka. Gidaje 3 na layinsu sun zo teburinmu ta hannunta.

Abin da ya yi aiki, da abin da aka biya

Da na sake bin shafinta daga farko, na ga kayan da muka raba ranar farko su ne muka ci gaba da rabawa daga mako na 15: abinci, maganin ƙuma, ganin likita. Abin da ya sauya shi ne wanda ke ɗaukar nauyin tazarar da ke tsakanin kayan da mai buƙatarsu. Da farko mun ɗora wa Kaka kilomita 6 da 14, da intanet, da barcinta, muka kira hakan kyauta. Da motar dattijo da ƙafar budurwar suka ɗauke wannan, komai ya tafi. Teburin bakin ƙofa ya saya mana lokaci, kuma ba don shi ba da karyar ba ta kai mako na 2 a hannun iyalin ba, amma shi kaɗai bai warware ko ɗaya daga cikin matsalolin ba.

A ganina kuskure mafi tsada shi ne kiran da na yi a mako na 9. Mako 6 ɗin da ta rufe mana ƙofa su suka tura amincewarta zuwa mako na 22. Da an same ta tun mako na 16, da an yi aikin cikin natsuwa kafin lokacin barbara, babu daren tashin hankali, babu asusun da aka kwashe. Wannan asusun kuwa yana da masu jira. A cikin zangon iyalai 2 muka ce wa babu, ɗaya daga cikinsu ya sallama kyanwarsa da fitsari ya toshe wa, kuma ni na riƙe masa ƙofa ya shiga. Ban yi nadamar ceto karyar Kaka ba, kuma ba zan cire wannan mutumin daga lissafin lamarin ba.

Yanzu ba ma ba da takardar asibiti sai an rubuta rana da sunan wanda zai tuƙa a bayanta. Maganin ƙuma na wata 3 muke bayarwa, tare da bayanin ƙwai da kwanso. Tsofaffin karnuka mata da ba a yi wa aiki ba su ke gaba a layin likita. A littafina kuma, gurbin da nake rubuta “bai zo ba” ya koma tambayar me ya hana shi, kuma ba a cike shi ta waya.

Yarjejeniyar mai gida saura wata 5 ta ƙare, an kuma ji yana maganar ƙarin haya. Shugabarmu ta sa na rubuta ranar da za ta koma wurinsa, wata ɗaya kafin wa'adin.